Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Katin Asibiti da Karatun Yara a Gida



Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran jami’an ƙungiya, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, shugabannin makarantu, ’yan’uwa malamai maza da mata na Rano da Kibiya, da iyalanmu waɗanda wannan takarda za ta iske a gida, muna yi muku barka da war haka. Muna godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin reshe da suka ba ƙananan ma’aikata irinmu damar tsayawa a gaban manya.

An nemi mu yi magana a kan damuwa guda biyu da suke yawan fitowa a hirarmu ta ofishin hedimasta da ta gindin bishiya lokacin tara. Ta farko ita ce inshorar lafiyar da ake cire mana kuɗinta daga albashi: shin za ta tsaya mana ranar da ciwo ya ƙwanƙwasa ƙofa? Ta biyu ita ce karatun yara daga gida: idan an sake rufe makarantu, wa zai zauna da ’ya’yan mutumin da dole ya fita nema? A ido, waɗannan abubuwa ba su haɗa hanya ba. Amma duk wanda ya ga shekarar 2020 da idonsa ya san cewa a tsakar gida ɗaya suka haɗu, kuma a kan mutum ɗaya suka sauka, wato uba ko uwa mai aiki. Mu malamai riga biyu muke sanye da ita, domin ma’aikata ne mu, kuma iyaye ne. Abin da muke son mu bari a zukatanku yau guda ɗaya ne: duk tanadin da ba a jarraba shi ranar lafiya ba, kada a dogara da shi ranar ciwo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da tuna baya. A watan Maris na 2020, cutar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin Nijeriya. A ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Kano, kwanaki kaɗan bayan haka aka hana fita, ga kuma azumi ya kama. ’Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a watan Agusta domin jarrabawar WAEC, amma yaranmu na firamare ba su sake ganin allo ba sai a watan Oktoba. Kusan wata bakwai ke nan. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a lokacin da abin ya yi tsanani, ɗalibai kimanin biliyan 1.6 ne rufe makarantu ya shafa a duniya. Sai dai kowa da irin gidan da ya koma. Yaron Landan ya koma ɗaki mai kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa. Yaron Rurum, da na Saji, da na Tarai, da na Durba, ya koma gidan da waya ɗaya ce a cikinsa, ita ma tana aljihun maigida.

Gwamnati ta yi abin da ya sawwaƙa, aka sa darussa a rediyo da talabijin. Ba za mu raina wannan ƙoƙari ba, domin rediyo tsohon abokin Bahaushe ne, kuma koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Da yawa daga cikin iyayenmu a wannan aiki ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, suka ƙaro ilimi suna bakin aikinsu. An daɗe ana karantar da makiyaya ta rediyo. A Saliyo ma, lokacin da cutar Ebola ta rufe makarantu a 2014, rediyo aka koma wa. Amma akwai bambanci tsakanin baligin da ya zaɓi ya yi karatu da kansa da yaro ɗan shekara bakwai wanda bai gama rarrabe “b” da “d” ba. Rediyo yana magana, amma ba ya ganin fuskar yaron da ya ɓace a tsakiyar darasi. Ba ya duba littafin rubutu, ba ya kama hannu ya gyara riƙon fensir. Darasin rediyo yana bukatar babba a gefe, wanda zai kunna akwatin a kan lokaci, ya zaunar da yaro, ya tambaye shi bayan an gama. To, ina wannan babban yake?

Mun san inda yake, domin maƙwabtanmu ne. Ma’aikaciyar jinya tana asibiti, domin ita ba a rufe nata wurin aikin ba, sai ma ƙaruwa da aikin ya yi. Ɗan sanda yana bakin hanya. Mai noman rani na gefen ruwan Tiga yana cikin tumatirinsa tun asuba, kuma da rediyon ya tafi, rataye a kafaɗa. Da damina ta sauka, uba da manyan ’ya’ya duk suka nufi gona. Uwar da ke cikin gida kuwa, wadda wasu suke ɗauka tana zaune ne, tana tsakanin murhu da turmi, tana matsar man gyaɗa, tana suyar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, kuma da wannan sana’a ake sayen gishiri da sabulu. A gida ɗaya akwai ɗan aji ɗaya, da ɗan aji uku, da ’yar aji shida, rediyo kuwa aji ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Wasu iyayen ba su yi boko ba, sun iya karatun allo da lissafin kasuwa, amma darasin Turanci ya fi ƙarfinsu, kuma babu laifinsu a ciki.

Mu kanmu mu faɗi gaskiya. Mu da muka fito daga kwalejin ilimi da takardar NCE, muka iya tsara darasi da auna fahimta, nawa ne daga cikinmu suka zauna da ’ya’yansu awa ɗaya kullum a waɗancan watanni? Wasunmu sun koma gona gaba ɗaya. Wasu sun hau babur suna ɗan kabu-kabu. Malamai mata sun tarar da aikin gida ya ninka, domin yaran da a da suke makaranta har azahar yanzu suna kansu tun safe. Idan gidan malami ya gagara zama aji, ina ga gidan wanda bai taɓa riƙe alli ba?

Ranar da muka koma aji muka ga sakamakon. Yaran da muka bari suna haɗa baƙi da wasali sun dawo suna kallon allo kamar ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ya iya jadawalin ninkawa har gidan shida ya dawo yana ƙirga da yatsu. Mafi ciwo shi ne sunayen da muka riƙa kira a rajista ba a amsawa. Wani ya bi ’yan ci-rani, wani ya kama aikin gareji, wata ta saba da farantin talla har ta ga zaman aji asara ne, wata kuma an ɗaura mata aure. Ba wanda ya sanar da mu sun bar makaranta. Sun dai daina zuwa, kuma da yake babu wata igiya da ta haɗa mu da su a tsawon wata bakwai, ba mu farga ba sai da lokaci ya ƙure.

Duk da haka, akwai abin koyi a kusa da mu. A ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, akwai shirin koyar da karatu da lissafi mai suna KaLMA, wanda hukumar SUBEB ta gudanar tare da abokan hulɗa. Da aka rufe makarantu, sai shirin ya koma gidaje: ga darasin rediyo, ga saƙon waya zuwa ga iyaye, ga kuma takardun aiki da yaro zai riƙe a hannu. A ƙasar Botsuwana ma an gwada tura saƙon lissafi sau ɗaya a mako, sannan a bi shi da kiran waya na kimanin minti ashirin zuwa ga yaro da mahaifinsa, aka kuma tarar yaran sun fi takwarorinsu da ba a kira ba iya lissafi. Darasin da ke ciki a fili yake. Abin da ya yi aiki shi ne ƙaramar waya, da takarda, da muryar malami mai tambayar yaro da sunansa. A 2022 Ma’aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, kuma abu ne mai amfani ga wanda ya samu hali. Amma a garin da ake kai waya wurin mai caji a biya, ga kuɗin kira da na data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ba za mu jingina makomar ’yan aji biyu a kan intanet ba.

Kada wani ya ce korona ta wuce, maganar ta mutu. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 da na Jangebe a watan Fabrairu na 2021, an rufe makarantun kwana da dama a Arewa, har da wasu a jiharmu. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yara ’yan makaranta. Ga ambaliya da iska da ke kwashe rufin azuzuwa kowace damina. Ƙofar makaranta za ta sake rufuwa wata rana, ko ta mako biyu ko ta wata biyu. Allah ne kaɗai Ya san ranar da dalilin.

Ambaton mashaƙo ya kawo mu ga damuwa ta biyu, domin abin da ke rufe makaranta sau da yawa shi ne ke cika asibiti. A Amurka, inda mafi yawan ma’aikata suke samun inshorar lafiya ta hannun wurin aikinsu, miliyoyin mutane sun rasa aiki a 2020, da yawansu kuma suka rasa inshorar tare da aikin, a daidai lokacin da suka fi bukatarta. Wannan ba labarin nesa ba ne. ’Yan’uwanmu malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni babu albashi, domin iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba. Malaman sa-kai da ke taya mu riƙe azuzuwa ba su da ko takardar albashin da za a ciri wani abu. Mu da ke kan albashin gwamnati mun tsira daga wannan, amma tamu inshorar ma a jikin albashin take ɗaure. Duk abin da ya taɓa sunanka a takardar albashi yana iya taɓa katinka na asibiti.

Yana da kyau mu san asalin abin da muke biya. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, kuma ta daɗe tana amfanar ma’aikatan tarayya kusan su kaɗai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya. A 2016 Jihar Kano ta yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA, wadda muke ƙarƙashinta. A watan Mayu na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Duk da waɗannan dokoki, har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. Ma’ana, mafi yawan mutanen da muke koyar da ’ya’yansu, idan ciwo ya zo, akuya ake sayarwa, ko buhun masara, ko a jinginar da gona.

Saboda haka kada mu raina abin da ke hannunmu. Wasu daga cikinmu suna cewa, “Shekara nawa ana cire mini, ban taɓa zuwa na karɓi ko ƙwayar farasitamol ba.” Wannan kallon adashi ne, inda kowa yake jiran ranar kwasarsa. Taimakekeniya ta fi kama da gayya: yau a gonar wani ake, kai da ka zo da fartanya ba ka yi asara ba, domin ranar da taka gonar ta fi ƙarfinka akwai masu zuwa. Wanda bai taɓa amfani da katinsa ba ya gode wa Allah da Ya ba shi lafiya, ya kuma san cewa da kuɗinsa aka yi wa matar wani abokin aiki tiyatar haihuwa. Mun san gidajen malamai da wannan tsari ya share wa hawaye, kuma adalci ne mu faɗi haka kafin mu kawo kuka.

Ga yadda tsarin yake tafiya, a taƙaice. Kowane mai rajista yana zaɓar asibiti ɗaya da zai zama ƙofarsa ta farko. Ana biyan wannan asibiti wani kaso a kan kowane mutum da ke cikin jerin sunayensa, ko ya je ko bai je ba. Idan ciwo ya fi ƙarfin wurin, sai a tura majiyyaci gaba da takardar izini, zuwa babban asibiti ko na ƙwararru a cikin birni. Ƙa’idar da tsarin tarayya ya shimfiɗa wa ma’aikata ita ce ma’aikaci, da mata ko miji ɗaya, da ’ya’ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. To, ’yan’uwa, kowa ya ƙirga mutanen da ke cin tuwo a gidansa. Gida nawa ne a Rano ko Kibiya da ke da mutum shida cif? Akwai mai mata biyu, akwai mai ’ya’ya tara, akwai mai riƙon marayun ɗan’uwansa, akwai tsohuwa a ɗakin ƙofar gida mai fama da hawan jini. Idan ba ka san waɗanda ke cikin rajistarka da waɗanda ke waje ba, a gaban ma’aikacin kati za ka sani, da majiyyaci a hannu.

Haka ta faru da wata ’yar’uwarmu malama a wata damina. Zazzaɓi ya rufe jaririnta da dare har ya fara sanƙamewa. Aka samu mai babur da ƙyar, aka isa wani asibiti, ta miƙa kati cikin natsuwa, tana ganin ai ana cire mata duk wata. Aka duba, babu sunan yaron, domin bayan an yi rajistar aka haife shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa sai ta je ta ƙara shi. Allah Ya tashi kafaɗar yaron, amma sai da aka sayar da tunkiyar da take kiwo domin layya. Wani ɗan’uwan kuma an yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe iyali ya koma wani gari, katinsa kuwa yana can a asibitin da ya baro. Akwai kuma kukan da kusan kowa ya taɓa yi: a duba ka, a rubuta magani, sannan a ce babu shi a nan, je ka kemis. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, har kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta na shekarar cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya. An ɗaga mafi ƙarancin albashi a jiharmu zuwa naira 71,000 a 2024, mun kuma gode, amma takardar magani ɗaya ta mai ciwon suga tana iya cinye kaso mai tsoka daga ciki. Wanda aka cire wa kuɗi a albashi, ya kuma sake biya a kemis, ya biya sau biyu.

A waɗannan labarai akwai laifin da ke wuyanmu, akwai wanda ba namu ba. Namu shi ne sakaci. Muna tsawata wa yaron da ya zo jarrabawa babu biro, alhali mu ba mu taɓa zuwa mun duba ko sunayen iyalanmu suna nan daidai ba. Wanda ba namu ba shi ne ƙarancin bayani da rashin inda za a kai kuka a kusa. Idan malami ɗaya ya yi ƙorafi, ana iya cewa tsautsayi ne. Idan reshe ya zo da littafi mai ɗauke da rana, da irin maganin da aka rasa, da rasiɗin kemis, sai a saurare shi. Wannan ƙungiya tamu ta NUT, tun kafuwarta a 1931, ba ta taɓa samun wani haƙƙi ta hanyar gunaguni a ɗaiɗaiku ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna gabatar wa reshe da shawarwari, uku a kan lafiya, uku a kan karatu, kuma babu wadda take bukatar jiran Abuja.

Ta farko, kafin ƙarshen wannan zango kowane ɗayanmu ya je asibitin da ya zaɓa yana cikin ƙoshin lafiya, ya ga sunansa da na iyalansa da idonsa. Wanda aka yi wa haihuwa ya ƙara jariri, wanda aka canja wa wurin aiki ya nemi a mayar da shi asibiti mafi kusa. Wakilin ƙungiya a kowace makaranta ya riƙe jerin waɗanda suka yi da waɗanda suka rage.

Ta biyu, reshe ya kafa ƙaramin kwamitin lafiya, da mata a cikinsa, domin akwai matsalolin awo da haihuwa da malama ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Kwamitin ya buɗe littafin ƙorafi, kuma kowa ya daina yar da rasiɗi.

Ta uku, mu gayyaci jami’an hukumar su zo nan Rano ko Kibiya, su zauna da mu ido da ido, su ba mu jerin abin da katin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, a rubuce, da Hausa. Mu nemi amsa a rubuce ga tambayoyi uku: nawa ne kuɗin ƙara mata ta biyu, ko ɗa na biyar, ko mahaifiya, mene ne matsayin malamin da sunansa ya fita daga albashi na ɗan lokaci saboda tantancewa, kuma mene ne makomar katin ranar da mutum ya yi ritaya. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi tayar mana da hankali, domin shekarun da jiki ya fi bukatar likita su ne shekarun da albashi ya tsaya. Iyayenmu ’yan fansho da ke zaune a nan sun fi mu sanin zafin wannan.

Ta huɗu, kowace makaranta ta tanadi takardun aikin gida na aƙalla mako huɗu ga kowane aji, karatu da lissafi, da Hausa ga ƙananan azuzuwa, da umarni mai sauƙi wanda yaya ko ya za su iya bi. A rubuta su yanzu da muke da natsuwa, a ajiye a ofishin hedimasta, yadda ranar da aka ce a tashi, kowane yaro zai tafi da wani abu a jakarsa.

Ta biyar, kowane malamin aji ya san unguwar kowane yaro da lambar wayar wani babba a gidansu ko maƙwabtansu. Tare da kwamitin SBMC, da masu unguwanni, da limamai, a ware zaure ko inuwa a kowace unguwa inda yara kaɗan za su iya haɗuwa da rediyo ɗaya da babba ɗaya, matuƙar dalilin rufewar bai hana haɗuwa ba. Akwai ɗaliban sakandare, akwai masu NCE da ke zaune babu aiki, akwai tsofaffin malamai. A kuma tambayi iyaye lokacin da ya dace da su, kada a yanke musu. Manomi da mai suyar ƙosai sun fi kowa sanin sa’ar da gidansu yake samun sarari, watakila bayan la’asar, watakila bayan magariba.

Ta shida, mu gaya wa hukuma tun yanzu cewa koyarwa daga nesa aiki ne, kuma tana da tsada. Katin wayar da malami zai kira gidaje arba’in, da kuɗin buga takardu, da batirin rediyo, bai kamata su fito daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma muna ganin gyaran azuzuwa da ake yi. Muna roƙon a sa shirin ranar rufe makaranta a cikin wannan ta-ɓaci, a kuma riƙa la’akari da malama mai goyo wadda ake son ta koyar da ’ya’yan wasu alhali nata suna jan zaninta.

’Yan’uwa, malamin da hankalinsa ke kan kuɗin magani ba zai iya tsayawa a gaban yara saba’in ya ba su hankalinsa ba. Yaron da ya yi wata bakwai babu mai tambayar littafinsa, da wuya ya dawo yadda ya tafi. A 2020 an same mu babu shiri, kuma muna da uzuri, domin ba mu taɓa ganin irinta ba. Idan ta sake samun mu haka, ba mu da abin faɗa wa ’ya’yanmu. Gobe da safe, kafin a buga ƙararrawa, kowa ya ciro katinsa daga inda ya ajiye shi, ya karanta sunayen da ke rajistarsa, ya kuma ƙirga waɗanda suka kwana a gidansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana yaran da aka ba mu amana, Ya kuma sa mu gama da alli lafiya.